Ranar Ƙidaya a Tolliver

Wata goma sha ɗaya wasiƙar nan ta yi a rataye a falonmu, sama da talabijin, cikin gilashin da na zare hoton aurenmu na saka ta. Har yau Rhonda, matata, ba ta yafe mini wannan ba. Da hannu aka rubuta ta, da shuɗin biro, kuma na haddace ta kamar addu'ar cin abinci: "Tanner, na kalli bidiyon wasanka sau uku. Akwai abin da ba a koya wa yaro, kai kuwa da shi aka haife ka. Muna gina sabon abu a Tolliver, ina so ka zama cikin duwatsun farko na ginin." A ƙasa ya sa hannu, Koci Brandvold.

Ni, Lonnie Pospisil, ban wuce sakandare ba. Shekara ashirin da shida ke nan ina zaune a ɗakin sikeli na ma'ajiyar hatsi ta garinmu, Zelenka, a Nebraska, ina auna motocin masara da waken suya, su shigo da nauyi su fita fayau. Ba wanda ya taɓa rubuto mini wasiƙa ya ce ya kalle ni ko sau ɗaya, balle sau uku. Shi ya sa da wasiƙar ta zo da sunan ɗana, sai na ji kamar ni aka rubuto wa.

A watan Fabrairu kocin ya zo gidanmu da kansa. Tafiyar awa biyar ce daga gabashin Iowa, kuma ya yi ta. Dogo ne mai furfura a gemu, ya cire takalmansa a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba, ya zauna a kicin ya ci burodin kolache na Rhonda guda huɗu. Ya ce Kwalejin Tolliver ta haura shekara ɗari da kafuwa amma ba ta taɓa samun ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ake cafewa da hannu, ba, sai bana. Sabon fili, sababbin jesi, sababbin hulunan kwano. Ya ce za a yi wa Tanner rangwamen kuɗin makaranta saboda halinsa na jagoranci. Tanner yana zaune kunnuwansa sun yi ja, ƙanwarsa Paige tana zungurarsa da ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

Gaskiya Tanner ya iya cafe ƙwallo. Amma makarantarmu ƙarama ce, mutum takwas-takwas muke bugawa domin ba mu da yaran da za su cika sha ɗaya. Na san haka. Na dai ture shi gefe ne.

Wanda ya ƙi ture shi gefe shi ne Duane, yayan Rhonda. Shi ne shugaban masu hawa falwaya a kamfanin lantarki na ƙungiyar manoman gundumarmu. Sai an yi shekara uku ko huɗu kafin su ɗauki sababbin masu koyon aiki, kuma mutum biyu kacal suke ɗauka. Duk wanda ya shiga ya samu sana'ar da zai ci abinci da ita har ya tsufa, a nan gida, mil goma sha biyu daga ƙofarmu. Duane ya riga ya yi wa Tanner magana, kuma Tanner ya yi hutu biyu yana bin motarsu, yana son aikin.

"Suruki," in ji Duane, ranar Lahadi bayan coci, "wai da gaske ne za ka tura yaron nan ya je ya biya kuɗi a riƙa make shi da ƙasa? Ni a wajena biyan sa za a yi, kuma falwaya ba ta bin mutum da gudu."

"Zaɓo shi aka yi, Duane. Mutumin nan awa biyar ya tuƙo."

"Mai tallan injin ban ruwa ma awa shida yake tuƙowa. Shi ma ya ci kolache huɗu?"

Na ce masa hassada ce ke damunsa, tunda shi ɗansa ganga yake bugawa a filin wasa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya ya daina dariyar ya ce, "Saboda ƙanwata zan riƙe masa gurbin. A Janairu za su fara. Sha biyar ga Disamba zan miƙa sunaye. Daga ranar ba hannuna, ko uwata ce ta tashi ta roƙe ni."

A watan Afrilu aka yi bikin sa hannu a ɗakin wasannin makaranta, kamar yadda ake yi wa duk yaron da wata kwaleji ta ɗauka. Aka shimfiɗa kyalle a tebur, aka ajiye hular Tolliver, Tanner ya zauna tsakanina da uwarsa ya sa hannu a takarda, yara suka tafa, aka yanka kek. Jaridar gunduma ta buga hoton a shafin farko. Duane ya ɗauki takardar ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wannan ai ba ta ɗaure kowa da komai ba, ko alƙawarin ba shi ruwan sha babu a ciki." Na fizge ta daga hannunsa. Washegari na sa aka buga mini babban kyalle mai hoton Tanner da sunan kwalejin, na ɗaure shi a bangon ɗakin sikeli, ta yadda duk motar da ta hau awo sai direbanta ya gani.

A watan Agusta muka kai shi a a-kori-kurata. Filin kuwa ba ƙarya, kore shar, ciyawar roba ce, ga fitilu dogaye. Sai dai a ɗakin karatu na ga bokitai uku a jere ƙarƙashin rufi. Ɗakin kwanan da aka gina don mutum biyu, gado uku aka cusa a ciki. Da yamma aka tara 'yan wasan a fili domin iyaye su gani, sai na ga yara sun yi ta fitowa kamar an buɗe garke. Da yake na saba a wajen aiki, ban san sanda na fara ƙirgawa ba. Ɗari da arba'in da ɗaya.

"Rhonda," na ce, "mutum nawa ne suke shiga fili a lokaci ɗaya?"

"Sha ɗaya. Kai ma ka sani."

"To sauran ɗari da talatin ɗin fa?"

Ta ce in rufe baki, mutane na ji. Aka ba Tanner lamba tamanin da huɗu. Da muka duba da kyau, sai ga wasu yara uku su ma da tamanin da huɗu a bayansu.

Makonnin farko na samu sauƙi. Tanner yakan kira muryarsa wasai. Ya ce kowa na samun nasa lokacin a fili, kociyoyi sun san sunansa, shugabar kwalejin da kanta ta zo ta raba musu askirim. Na ce wa Rhonda, kin ji ko, ni ne dai mai yawan zargi. Ina ba direbobi labari suna kan sikeli har na baya ya danna ham.

Wajen tsakiyar Satumba sai kiran ya ragu. In na kira shi, amsarsa ba ta wuce "lafiya lau, Baba." Da ƙyar uwarsa ta tatso maganar. Wai an raba su biyu. Wajen sittin sun zauna a sabon fili, sauran an tura su wani tsohon fili a bayan wurin ajiye motoci, inda ƙasa take da ramukan gafiya. Kocin golf ne yake riƙe musu usur, domin ba wani da ya rage. Kowace Alhamis ana liƙa takarda a ƙofar ɗakin canza kaya, sunayen mutum hamsin da shida da za su sa kaya ranar Asabar, su ne kuma masu shiga bas in wasan na waje ne. Tanner yakan je ya duba. Ni kuma kowace Alhamis daga azahar wayata na gefen sikeli, ina auna mota ina leƙa ta. Har na taɓa rubuta wa Gene Hovorka nauyin masararsa a takardar wani, abin da ban taɓa yi ba a shekara ashirin da shida.

Duk da haka in wasan na gida ne nakan je. In tashi tun duhun asuba, in tuƙa awa biyar, in zauna a benci in kalli ɗana tsaye a bakin fili da jesi a kan wandon jins, ba hular kwano, cikin wasu tamanin irinsa, suna kaɗa tawul. A ci mu, in rungume shi, in saya masa abinci, in tuƙo awa biyar. Ranar Litinin direbobi su tambaya, "Yaya tauraronmu?" In ce, "Ana dafa shi ne a hankali."

Asabar ta uku a Oktoba na isa da wuri. Iyaye sun buɗe bayan motocinsu suna gasa nama kamar kullum. Wani ƙaton mutum mai rigar Tolliver ya hango lambar da ke jikin tawa rigar, ya ɗaga cokalin gashi ya yi mini ihu.

"Kai, tamanin da huɗu! Zo nan, ashe dangi ne. Wanne ne naka, gajeren ko mai kunnuwan?"

"Mai kunnuwan."

"Nawa mai tsayin ne. Reggie Tillman, daga Arkansas. Awa tara na tuƙo don in ga ɗana yana fifita da tawul. A gida ko tawul ɗin wankansa ba ya ɗagawa daga ƙasa. Karɓi nama, ɗan'uwa, shi kaɗai za mu ci yau."

Na ji daɗinsa nan take. Muna ci muna hira, sai bakina ya kai ni inda ya saba. Na ce masa ni dai ban cire rai ba, domin kocin ya rubuto wa ɗana da hannunsa cewa ya kalli bidiyonsa sau uku.

Reggie ya ajiye cokalin. Ya goge hannu a wando, ya buɗe aljihun gaban motarsa, ya zaro wata takarda a ninke ya miƙo mini. Shuɗin biro. "Marcus, na kalli bidiyon wasanka sau uku. Akwai abin da ba a koya wa yaro, kai kuwa da shi aka haife ka." Ban iya ƙarasawa ba. Reggie ya juya ya ɗaga murya yadda duk layin motocin zai ji, "Jama'a, wa ke da dutsen farko na gini a nan?" Hannuwa suka tashi. Wata mata ta ce tata tana jikin firij. Wani ya ce shi nasa ɗan ko bidiyo ba shi da shi. Aka yi ta dariya, irin wadda ake yi a gidan makoki in wani ya tuno abin ban dariya na mamaci.

Na ajiye naman. Reggie ya ja ni gefe.

"Yaushe aka tura naka filin gafiya?"

"Tsakiyar Satumba."

"Ranar goma sha ɗaya da fara karatu. Matata a ofishin wata kwaleji take aiki, ita ta fahimtar da ni. A rana ta goma ake ƙirga ɗalibai, ranar ƙidaya suke ce mata. Duk wanda yake nan ranar, an rubuta shi, kuɗinsa na zangon ya zauna. Kafin ranar kai ɗan lele ne, har askirim za a ba ka. Bayan ranar kuwa, ga kocin golf nan, ga gafiyoyi."

An ci mu hamsin da biyu da bakwai. Ban tafi wajen Tanner ba tukuna. Na nemi ofishin Koci Brandvold, na same shi a wani tsohon ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, har yanzu famfunan suna nan a kan teburori. Na shiga da niyyar in ɗaga murya. Sai na tarar da shi zaune ya cire takalmi, yana cin busasshen burodi daga leda, ya rame fiye da yadda na san shi.

"Mista Pospisil," ya ce. "Kolache na matarka, har yanzu ina tuna su."

"Wasiƙa nawa ka rubuta?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya tauna abin da ke bakinsa ya haɗiye. "Ɗari shida da wani abu. Hannuna har ya kumbura."

"Kuma duk ka kalli bidiyonsu sau uku?"

"Na ɗanka na kalla. Sau ɗaya. Ya iya cafewa, ba shi da gudu." Ya nuna mini kujera, na ƙi zama. "Bari in gaya maka yadda aka ɗauke ni aiki, Yallaɓai. Ba a ce mini ka ci wasa kaza ba. Lamba aka ba ni: yara ɗari da ashirin a gadajen kwana ranar ƙidaya. Shekara biyar da suka wuce ɗalibai ɗari shida ne a nan, an rufe gidan kwana biyu, ana maganar sayar da wurin. Yanzu mun kusa dubu. Bara aka buɗe kokawar mata da kamun kifi, bana mu, baɗi kuma bolin, wasan gangara ƙwallo a kayar da kwalabe, da wasan kwamfuta. Kowane koci da lambarsa. In ban kawo yaran nan ba, malamin lissafi ya rasa aikinsa, matar da ke dafa abinci ta rasa nata, garin nan ya mutu."

"Ni ban kawo ɗana don ya riƙe wa malamin lissafi aiki ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka dubi Allah ka amsa. Zai buga?"

Ya kalli famfon da ke gabansa. "Ban taɓa ce wa yaro ba zai buga ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na sani," ya ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban samu wanda zan tsana ba. Da ya yi mini tsawa ko ya yi ƙarya, da na samu abin riƙewa a hanya. Haka na fito, na rungume Tanner kamar kullum, na saya masa abinci, ban ce masa komai ba.

A gida na gaya wa Rhonda duka. Tana wanke kwanuka, ba ta ko juyo ba. "To ka kira shi ka ce ya dawo. Duane na jira."

"Ta waya? Irin wannan magana ba ta waya ba ce."

"Lonnie, ba wayar ce matsalarka ba. Kyallen nan ne da ke jikin ɗakin sikeli."

Na ce mata ba ta san abin da take faɗa ba. Amma sati biyar na yi ina ɗaga maganar. Lokacin girbi ne, motoci a layi tun daga titi, kowane direba sai ya dubi hoton ya tambaya. Duane ya kira sau biyu, na ce masa ana kan magana.

Tanner ya dawo hutun bikin godiya na shekara-shekara a ƙarshen Nuwamba. Washegarin bikin muka fita duba shingen gonar kakarsa, mu biyu a a-kori-kura, da kofi a filas, dusar ƙanƙara ta yi fari-fari a kan kututturen masara. Na tsayar da mota a bakin shinge na kashe inji. Tun daga gida nake shirya maganar a raina, amma da na buɗe baki sai na rasa kanta. Sai kawai na ciro wayata na nuna masa hoton wasiƙar ɗan Reggie da na ɗauka.

Ya duba, ya yi murmushi. "Ta Marcus ce."

"Ka san da ita?"

"Baba, tun makon farko muka gano. Wani ya liƙa tasa a bango, sai kowa ya fito da tasa. A filin gafiya da ita muke ɗumama jiki. Ɗaya ya ce 'na kalli bidiyonka', mu duka mu amsa 'sau uku!' Har kocin golf ya iya."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Sati biyar ina ɗauke da abu a ƙirji kamar buhun gishiri, ina tsoron ya fasa masa zuciya, ashe waƙa suke yi da shi.

"To in ka sani, me kake yi a can? Kawunka na riƙe maka wuri. Sauran kwana goma sha tara. Ka tattaro kayanka, Tanner. Ni na tura ka, ni ne kuma nake cewa na yi kuskure. Ka ji na faɗa da bakina."

Ya juya kofin a hannunsa. "Koci ya kira ni ofis kafin mu taho. Ya ce ya ga canji a guduna. Mutum arba'in sun riga sun gudu, Marcus ma ba zai dawo ba. Yanzu mu biyu ne masu tamanin da huɗu. Ya ce in na yi atisayen bazara da kyau, komai na iya faruwa."

"Kai kaɗai ya kira?"

Ya kurɓi kofi ya kalli taga.

"Tanner, kai kaɗai ya kira?"

"Layi muka yi," ya ce a hankali.

"Saboda akwai wata ranar ƙidayar a Janairu! Ba ka gani ba? Ni aikina ke nan, ɗana. Mota ta hau sikeli, in rubuta nauyinta, ta sauka, ban ƙara sanin inda ta nufa ba. Kai masara ce a wajensu."

"Na sani, Baba! Kana tsammanin ni wawa ne?" Bai taɓa ɗaga mini murya haka ba. Ya sauke ta. "In na dawo yanzu, ni wane ne? Wanda aka buga a jarida, aka yanka masa kek, ya je ya kaɗa tawul ya gudo. Duk falwayar da na hau a gundumar nan, wanda ke ƙasa zai ce, ga tauraron Lonnie can a sama. Sau ɗaya nake so. In je ranar Alhamis in ga sunana a takardar nan, in shiga bas ɗin sau ɗaya. Daga nan ko me za a yi a yi."

"Sau ɗayan nan zai ci maka sana'ar rayuwa."

"Ina shekara tara na ce na gaji da tsince duwatsu a gonar nan. Ka tuna abin da ka ce mini? Ina sha huɗu na ce zan bar ƙwallo da na karye a yatsa, ka sake faɗa. Ka ce ɗan gidan Pospisil ba ya sauka daga tarakta a tsakiyar gona."

"Wannan ba gonarka ba ce!"

"Ai ba ka taɓa cewa sai tawa ba."

Na daki sitiyari har ham ya yi ƙara, wasu tsuntsaye suka tashi daga shinge. Shi kuwa ya buɗe ƙofa ya sauka, ya ɗauki filaya ya fara ɗaure wayar da ta tsinke, da kyau, irin ɗaurin da Duane ya koya masa. Na zauna ina kallon hannayensa ta gilashi.

Uwarsa ta gwada, har da kuka. Duane ya zo da kansa ya zauna da shi awa guda a gareji. Ya fito yana girgiza kai ya ce mini, "Taurin kan nan ba daga ɓangarenmu ya gado shi ba."

Sha biyar ga Disamba, da hantsi, wayar ɗakin sikeli ta yi ƙara.

"Suruki, takardar na gabana. In rubuta ko kar in rubuta?"

"Ka ƙara mini sati biyu, Duane. In ya zo Kirsimeti zan sake gwadawa."

"Ba ni da sati biyu. Ba ni da awa biyu. Ɗan Gene Hovorka na zaune a waje tun ƙarfe bakwai, da sababbin takalman aiki a ƙafarsa."

"Ka rubuta sunan Tanner, ni na ɗauki nauyi."

"In bai zo ba fa? In ƙona gurbi, in hana ɗan mutane, saboda me? Ka taɓa zaɓa masa hanya sau ɗaya, Lonnie, ka ga inda ya kai ku."

Akwai mota a kan sikeli, direban na jira. Na ce, "To ka ba ɗan Gene." Na ajiye wayar na rubuta nauyin. Da motar ta tafi na fita da wuƙa na yanke igiyoyin kyallen. Iska da rana sun riga sun cinye fuskar Tanner a jiki, sunan kwalejin ne kawai ya rage raɗau.

A Janairu na mayar da shi. A ƙofar gidan kwana an kafa tebur, mata biyu suna raba koko mai zafi da biskit, suna kiran kowane yaro da sunansa. Koci Brandvold ya hango ni daga nesa ya ɗaga hannu. Ban ɗaga nawa ba, sai kuma na ji kunya na ɗaga bayan ya juya.

Da na dawo gida na tarar da Paige a kicin da ambulan a hannu, tana karanta wa uwarta da ƙarfi. Shuɗin biro ne, amma rubutun mace. Kocin sabuwar ƙungiyar bolin ta mata ce. Paige saura mata aji biyu ta gama sakandare, kuma sau biyu ta taɓa jefa ƙwallon bolin a rayuwarta, duka a fitar matasan coci.

"Baba, wai an haife ni da shi," ta ce. "Za a sa tawa a gilashi, ko sai an samo wani hoton auren?"

Rhonda ta kalle ni. Na wuce falo na sauke gilashin, na zare wasiƙar Tanner, na karɓi ta Paige na haɗa su na jefa a durowar da muke tara batura da tsofaffin makullai. Hoton auren kuwa mun neme shi ko'ina ba mu gan shi ba, don haka ƙusa ce kawai a bangon yanzu.

Ɗan Gene Hovorka ya wuce ta gaban ɗakin sikeli jiya a motar kamfanin lantarki, da hular aiki, ya ɗaga mini hannu. Duane ya ce wataƙila su sake ɗauka nan da shekara uku, in wani ya yi ritaya.

Tanner ya kira ranar Lahadi. Ya ce gudunsa ya ƙaru, kuma yanzu su tamanin da tara ne kawai suka rage a ƙungiyar, lissafinsa ya nuna in aka liƙa takardar farko a Satumba yana iya kutsawa. Na tambaye shi ina Koci Brandvold. Ya ce ba ya nan, yana kan hanya, sati uku ke nan ba su gan shi ba. Wai bana lambar da aka ba shi yara ɗari da sittin ce.